TARON DUNIYA KAN SAUYIN YANAYI: INA RABON ƘASASHE MASU TASOWA?



An umurce ni in yi muku bayani a kan wani al'amari wanda kusan kowace shekara, idan kaka ta yi, kukan ji labarinsa a rediyo. Watau babban taron nan na sauyin yanayi, inda wakilan ƙasashe kusan 200 sukan hallara a wani birni, su yi mako biyu suna muhawara dare da rana, sa'an nan su fito da takarda su ce sun daidaita. Mutane da yawa sun ɗauka wannan sha'ani ne na masana da manyan ƙasashe, babu ruwan talaka da shi. To, abin da nake so in nuna muku yau shi ne, wannan taro ciniki ne, kuma abin da ake cinikinsa ya shafi gonarku da rijiyarku, da wutar lantarkin garinku, da bashin da ke kan ƙasarku. Fiye da shekara 30 ke nan ana ja-in-ja a kan tambayoyi uku. Wa zai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya? Wa zai biya kuɗin gyara? Wa kuma zai ɗauki nauyin hasarar da ta riga ta auku?

ASALIN MATSALAR

Duniyar nan tamu lulluɓe take da iska, kamar yadda mutum kan lulluɓa da bargo. A cikin iskar akwai wani ɗan kashi da ake kira iskar kabon, wadda aikinta shi ne riƙe wani ɓangare na zafin rana kada ya koma sama duka. Ba domin ita ba, da sanyi ya hana kowa zama a bayan ƙasa. Amma tun daga ƙarni na 18, lokacin da aka soma kafa manyan masana'antu a Ingila ana ƙona kwal, daga baya kuma aka shiga ƙona man fetur da gas a ko'ina, sai bargon nan ya yi ta ƙara kauri. Kafin zamanin masana'antu, idan aka kasa iska kashi miliyan ɗaya, kabon kashi 280 ne a ciki. Yanzu ya haura 420.

Sakamakon haka duniya ta ɗumama. Masana sun tabbatar cewa shekara ta 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma zafinta ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri ɗaya da rabi. Kada ku raina wannan adadi. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, amma idan ya ƙaru da ɗaya da rabi kawai, kowace uwa ta san zazzaɓi ya kama ɗanta. Zazzaɓin duniya kuwa yakan bayyana ta hanyar rikicewar damina, da fari mai tsanani, da ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, da hauhawar teku.

Abu biyu ne suka sa tilas a yi taro a kan wannan matsala. Na farko, hayaƙi bai san iyakar ƙasa ba. Wanda aka fitar a Turai ko Asiya yakan gauraye da iskar duniya baki ɗaya. Na biyu, ba ya gushewa da wuri. Wani kashi nasa yakan yi ɗaruruwan shekaru a sama. Saboda haka babu ƙasar da za ta iya kare kanta ita kaɗai, kuma ɓarnar da kakannin wasu suka yi, jikokin wasu ne suke ɗanɗana ta.

WA YA YI ƁARNAR, WA YA SHA WAHALAR?

Idan aka tara dukan hayaƙin kwal da mai da gas da aka fitar tun farkon masana'antu, Amurka ita kaɗai tana da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, ƙasashen Turai kuma suna biye da ita. A lissafin shekara shekara kuwa, ƙasar Sin ce ta ɗaya tun wajen 2006, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na hayaƙin duniya daga can yake fitowa. Afirka fa? Kusan mutum ɗaya cikin kowane mutum biyar na duniya a Afirka yake, amma hayaƙin nahiyar duka bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Ba'amurke ɗaya yakan fitar da kimanin tan 14 a shekara, ɗan Nijeriya kuwa bai kai tan ɗaya ba.

To, amma ku dubi inda wahalar take sauka. A watan Maris na 2019 guguwar teku mai suna Idai ta afka wa birnin Beira na Mozambik, ta wuce Zimbabuwe da Malawi, mutum fiye da 1,000 suka rasu. A 2022 ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a Fakistan, ta kashe fiye da 1,700, aka kuma ƙiyasta ɓarna da hasara a kan dala biliyan 30, watau dala miliyan dubu talatin. A wannan shekarar dai, mu ma nan Nijeriya ruwa ya ci mutum fiye da 600, ya raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, tun daga Jigawa da Kogi har Anambara da Bayelsa. Wannan shi ne abin da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya duka. Ba kowace ambaliya ce za a ɗora wa sauyin yanayi shi kaɗai ba. Inda aka toshe magudanar ruwa da shara, ko aka yi gini a kan hanyar ruwa, ko aka bar madatsa ba gyara, da hannunmu a ciki. Abin da sauyin yanayi ke yi shi ne ya ƙara wa ruwan yawa da ƙarfi, sa'an nan ya tarar da mai rauni. Ƙasa mai arziki tana da ganuwar tare teku, da inshora, da asusun ko-ta-kwana. Matalauciyar ƙasa kuwa, idan gada ta karye, sai ta ci bashi kafin ta gina wata.

YADDA AKA FARO CINIKIN

A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taronta na farko a kan muhalli a birnin Sitokhom na Suwidin. Tun a can Firayim Ministar Indiya, Indira Gandi, ta jawo hankalin duniya cewa ba za a iya raba maganar muhalli da maganar talauci ba. A kan wannan ra'ayi ƙasashe masu tasowa suke tsaye har yau.

Bayan shekara 20, a watan Yuni na 1992, shugabannin duniya suka taru a birnin Riyo na Birazil, suka sa hannu a kan babbar yarjejeniyar sauyin yanayi, wadda ta fara aiki a 1994. A cikinta ne ƙasashe masu tasowa suka sami nasararsu mafi girma, domin an rubuta ƙa'ida cewa nauyin na kowa ne, amma kayan da kowa zai ɗauka ba ɗaya ba ne. Wanda ya fi yin ɓarna, ya kuma fi ƙarfi, shi zai shiga gaba, ya kuma taimaka wa saura da kuɗi da fasaha. Dukan gardamar da aka yi ta yi daga baya, a kan fassarar wannan ƙa'ida ce. Daga 1995, lokacin da aka yi zama na farko a Balin ta Jamus, ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar sukan taru kusan kowace shekara, kuma shi ne taron da kuke ji ana kira COP.

A 1997 a birnin Kiyoto na Japan aka ɗora wa ƙasashe masu masana'antu su kaɗai wajibcin rage hayaƙinsu da kimanin kashi 5 cikin 100 ƙasa da na 1990. Amurka ta sa hannu amma ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba, Kanada kuma ta sanar da ficewarta a 2011. A 2009 aka taru a Kofanhegan ta Danmak da niyyar ƙulla sabuwa, aka watse baram-baram, domin wasu 'yan manyan ƙasashe sun keɓe sun shirya takarda, sauran kuma suka ƙi a tilasta musu ita.

Sai a ranar 12 ga Disamba 2015 aka daidaita a birnin Faris na Faransa. An yarda a tsayar da ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2 sosai, a kuma yi ƙoƙari kada ta wuce ɗaya da rabi. Ƙananan tsibirai da ƙasashen Afirka ne suka dage sai an rubuta ɗaya da rabin nan, domin a wurinsu bambancin rabin digiri bambanci ne tsakanin zama da ƙaura. Amma su ma sun ba da nasu. Daga Faris, kowace ƙasa, babba da ƙarama, za ta rubuta alkawarin abin da za ta yi, ta sabunta shi duk bayan shekara 5. Ita ce za ta zaɓi adadin da kanta, kuma babu hukunci a kan wadda ta kasa cikawa.

YADDA AKE YANKE SHAWARA

A wannan taro ba a jefa ƙuri'a. Sai an sami amincewar kowa ake zartar da magana. Wannan ya ba ƙaramar ƙasa bakin magana, amma kuma ya ba duk mai son jan ƙafa damar raunana takarda. Saboda haka akan kwana ana faɗa a kan kalma ɗaya. A Faris, ana gab da rufe taro, aka canja wata kalma mai ma'anar tilas ta koma mai ma'anar ya kamata, a sashen da ya shafi rage hayaƙin ƙasashe masu arziki, domin Amurka ta ce ba za ta iya shiga ba in ba haka ba. A Gilasgo a 2021, a sa'ar ƙarshe, Indiya da Sin suka sa aka sauya maganar daina ƙona kwal ta koma rage ƙona shi. Kalma ɗaya a irin wannan takarda tana iya zama daidai da dala miliyan dubbai.

Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ƙasashe masu tasowa sukan shiga ciniki a ƙungiyance. Babbar inuwarsu ita ce ƙungiyar ƙasashe 77 da aka kafa a 1964, wadda yanzu ke da ƙasashe fiye da 130, tana tafiya tare da Sin. A ƙarƙashinta akwai rukunin ƙasashen Afirka 54, da na ƙananan tsibirai, da na ƙasashe mafiya talauci. Amma kada a ɗauka bakinsu ɗaya ne kullum. Tsibirin da teku ke shirin haɗiyewa yana so a bar man fetur tun yau, ƙasar da ke rayuwa da sayar da man kuwa ba ta so. Manyan ƙasashe sun san wannan ɓaraka, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MAGANAR KUƊI

A nan ne gizo ke saƙa. A Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020 domin taimakon ƙasashe masu tasowa. Shekarar ta zo ta wuce ba a cika ba. Bisa lissafin ƙungiyarsu ta tattalin arziki, sai a 2022 aka kai, da kusan biliyan 116. Bugu da ƙari, kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ya fito daga gwamnatoci da manyan bankunan raya ƙasa rance ne. Ku yi tunanin maƙwabcin da wutarsa ta tsallako ta cinye maka rumbu, sa'an nan ya zo jaje ya ba ka bashi da ruwa domin ka gina wani. Haka ƙasashe da yawa suke kallon al'amarin, musamman waɗanda abin da suke biya na kuɗin ruwa ya riga ya fi abin da suke kashewa a kan asibitoci.

Har wa yau akwai gardama a kan inda kuɗin ke tafiya. Mafi yawansa yakan tafi ga ayyukan rage hayaƙi, kamar tashoshin lantarki, domin suna kawo riba. Amma abin da ya fi damun manomin Afirka shi ne shirin jure wa sauyin: madatsun ruwa, noman rani, iri mai saurin nuna, magudanai, da gargaɗi kafin ambaliya. Waɗannan ba su kawo wa ɗan kasuwa riba nan take, saboda haka rabonsu ƙarami ne.

Akwai kuma hasarar da babu shirin da zai hana ta, kamar garin da teku ya ci. Tun 1991 ƙasar Banuwatu, a madadin ƙananan tsibirai, ta nemi a kafa wata hanya ta biyan irin wannan hasara. Ƙasashe masu arziki suka yi ta kaucewa, don tsoron kada ya zama sun amsa laifi a bi su diyya. Sai a 2022 a Sham el-Shek ta Masar, lokacin da Fakistan ke shugabancin ƙungiyar 77 kuma ruwa bai gama janyewa daga ƙasarta ba, ƙasashe masu tasowa suka tsaya tsintsiya maɗaurinki ɗaya har aka yarda a kafa asusun hasara da ɓarna. Shekara 31 ke nan ana nema. A Dubai a 2023 aka buɗe asusun, aka yi alkawarin zuba kimanin dala miliyan 700. Ku auna da hasarar Fakistan ta shekara ɗaya tak, za ku ga bai kai kashi ɗaya cikin 40 ba.

A Baku ta Azarbaijan a 2024 aka zauna domin sa sabon adadi. Ƙasashe masu tasowa suka nemi dala biliyan 1,300 a shekara. Aka tashi a kan biliyan 300 kafin 2035, babban adadin kuma aka bar shi a matsayin buri da za a nema daga kowace kafa, har da 'yan kasuwa. Wakilan Indiya da na Nijeriya suna cikin waɗanda suka tashi a zauren suka nuna rashin amincewarsu a fili. A Belem ta Birazil a 2025 aka yi kira a ninka kuɗin shirin jure wa sauyi sau uku kafin 2035. Alkawari dai kaya ne, kuma tarihin biliyan 100 ya koya mana kada mu ɗora tukunya sai mun ga hatsi.

HAƘƘIN CI GABA

Tambaya mafi wuya ita ce ta makamashi. Mutum kimanin miliyan 600 a Afirka ba su da wutar lantarki, fiye da miliyan 80 daga cikinsu a Nijeriya suke. Mata miliyoyi suna girki da itace, hayaƙi yana cin idanunsu da ƙirjinsu, daji kuma yana ƙarewa. Ƙasashen da suka yi arziki da kwal da mai, yaya za su ce wa waɗannan kada su taɓa gas ɗin da ke ƙarƙashin ƙasarsu? A Gilasgo wasu ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin daina ba da kuɗin gwamnati ga ayyukan mai da gas a ƙasashen waje. Amma da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sai ga shugabannin Turai suna zagaya Afirka neman gas. Wakilanmu ba su manta da wannan ba.

Duk da haka, wajibi ne mu kalli ɗaya gefen. A Dubai a 2023, karo na farko, dukan ƙasashe suka amince a rubuce cewa duniya za ta juya baya ga kwal da mai da gas sannu a hankali, bisa adalci da tsari. Ƙasa irin tamu, wadda mafi yawan kuɗin musayarta daga mai yake fitowa, tilas ta yi tanadi tun kasuwa ba ta watse ba. Daɗin daɗawa, farashin lantarki mai aiki da hasken rana ya faɗi da kimanin kashi 85 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, rana kuwa ba ta yi mana rowa ba. Abin da ke hana mu shi ne tsadar bashi, domin kuɗin ruwan da ake ɗora wa mai gina tasha a Afirka yakan ninka na Turai sau biyu ko uku.

Kuma ko mun so ko mun ƙi, maganar ta shiga kasuwa. Tarayyar Turai ta kafa dokar sa haraji a kan kayan da aka sarrafa da hayaƙi mai yawa, irin su siminti da ƙarfe da alminiyam da takin zamani, idan za a shigar da su ƙasashenta. Ta kuma yi wata doka a 2023 wadda ke neman shaidar cewa koko da roba da manja da kofi ba daga dajin da aka sare suka fito ba. Ashe ke nan manomin koko a Ondo ko Kuros Riba yana cikin cinikin, ko da bai taɓa jin sunan Baku ba.

TO, TARON YANA DA AMFANI KUWA?

Mai tambayar nan yana da hujja, domin hayaƙin duniya ya ƙaru ƙwarai tun daga 1992, Amurka kuma ta fita daga yarjejeniyar Faris a 2020, ta komo a 2021, sa'an nan a watan Janairu na 2025 shugabanta ya sake ba da umurnin fita. Amma ga abin da za a ɗora a ɗaya gefen sikeli. Kafin Faris, masana suna hangen duniya za ta ɗumama da kusan digiri 4 a ƙarshen wannan ƙarni. Yanzu hasashen ya sauko ƙasa da 3. Bai isa ba, amma rayukan miliyoyin mutane suna cikin wannan bambanci. Na biyu, an taɓa yin irin wannan ciniki aka ci nasara. A 1987 a Mantiriyal ta Kanada aka yarda a bar wasu sinadarai na firji da ke huda rufin da ke kare mu daga zafin hasken rana. Aka ba ƙasashe masu tasowa ƙarin wa'adin shekara 10, aka kafa asusu aka kuma zuba kuɗi da gaske, yau ga shi rufin yana warkewa. Na uku, a watan Yuli na 2025 Kotun Duniya da ke Heg, bisa ƙoƙarin da Banuwatu ta jagoranta, ta ba da fatawa cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe bisa dokar duniya. Fatawar ba ta tilasta wa kowa biya, amma ta ƙara wa masu rauni hujja. In babu wannan zaure, manyan ƙasashe za su yanke shawara a tsakaninsu, mu kuwa sai dai mu ji a rediyo.

MATSAYIN NIJERIYA

Ƙasarmu ta shiga yarjejeniyar Riyo a 1994, ta tabbatar da ta Faris a 2017. A 2021 ta yi alkawarin rage kashi 20 cikin 100 na hayaƙin da ake hasashen za ta fitar a 2030 da ƙarfin kanta, ko kashi 47 idan ta sami taimako. A Gilasgo Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana 2060 a matsayin shekarar da hayaƙin da muke fitarwa zai daidaita da wanda dazuzzuka da sauran hanyoyi ke shanyewa, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara ya sa hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa mai kula da al'amarin. Muna kuma cikin shirin babbar ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya ratsa jihohi 11 na arewa.

Amma mai neman haƙƙinsa a gaban jama'a, sai ya zo da hannu mai tsabta. Muddin ana ƙona gas a banza a yankin Neja Dalta, wanda ya isa ya ba garuruwa wuta, hujjarmu tana da rauni. Haka kuma asusun duniya ba ya sakin kuɗi don an yi kuka. Sai an kai tsararren shiri, da ƙididdiga, da shaidar cewa abin da aka bayar jiya ya isa inda aka nufa. Ƙasar da ta riƙe amana ita ke samun ƙari.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Jama'a, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zai zauna cikin ruwa yana jiran maƙwabci ya kawo jinka ba. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe mai kyau maimakon tumɓukewa. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, ba tare da jiran wani taro ba. Abin da suka yi, mu ma muna iyawa.

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu. Ku riƙa sauraron hasashen damina da gargaɗin ambaliya da hukumomin Gwamnatin Tarayya ke fitarwa kowace shekara, ku yi aiki da su wajen zaɓen iri da lokacin shuka, kuma idan aka ce a tashi daga bakin kogi a tashi. Ku kiyaye itatuwa da magudanan ruwa na unguwanninku. Ku tambayi wakilanku da shugabannin ƙananan hukumominku abin da aka yi da kuɗin kula da muhalli da ake warewa. Na huɗu kuma, tun da a Baku an kammala ƙa'idodin cinikin kabon, inda kamfani zai biya a kiyaye daji a wata ƙasa domin a rage masa lissafin hayaƙinsa, to, idan baƙi suka zo da takarda suna neman dajin garinku, kada hakimi ko dagaci ya sa hannu sai an karanta wa jama'a ita a harshensu, an san shekara nawa ne, nawa za a biya, wa zai karɓa, kuma ko za a hana kiwo da itacen girki.

An riga an tsai da shawara cewa taron 2027 a Adis Ababa ta Habasha za a yi shi, watau a ƙasar Afirka. Kafin nan da bayan nan, duk ranar da kuka ji an ce an yi alkawarin kuɗi kaza a wani taro, ku yi tambayoyin da kowane ɗan kasuwa zai yi: nawa ne, yaushe za a biya, kyauta ne ko rance, kuma a hannun wa zai sauka? Jama'ar da ta iya waɗannan tambayoyi ita ce ƙarfin wakilanta a wurin ciniki, domin wakilin da ya san ana jiransa a gida da tambaya ba ya sallama kaya da araha.